Yaron da Bai Dawo Ba: Tsokaci a kan Waƙoƙin Soja da Littafin Burma Boy

Gabatarwa

Ranar 15 ga watan Janairun kowace shekara ita ce Nijeriya ta keɓe don tunawa da sojojinta, mu kuma a Hausa muka raɗa mata suna ranar 'yan mazan jiya. A da ranar 11 ga Nuwamba ake yin bikin, kamar yadda Turawan Ingila suke yi, daga baya aka mayar da shi Janairu saboda a wannan rana ce Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970. Sunan da muka ba ranar yana da daɗin faɗa, amma akwai wanda ya bari a waje. In an ce ɗan mazan jiya, abin da ke faɗo wa Bahaushe a rai shi ne dattijo mai furfura, da tsohon kaki, da lambobi a ƙirji, yana gadin wata ma'aikata ko yana ba jikoki labari a zaure. Wannan shi ne wanda ya je ya dawo. Yaron da aka ɗauka yana ɗan shekara 17 ko 18, aka kashe shi tun gemu bai gama fito masa ba, sunan bai hau kansa ba, domin bai yi tsawon ran da zai zama na jiya ba.

Wannan maƙala za ta dubi ayyukan adabi guda uku da suka shafi sojan ƙasar nan, wato waƙar Maraba da Soja ta Malam Sa'adu Zungur, da waƙar yabon soja ta Alhaji Aƙilu Aliyu wadda aka fi sani da Jiki Magayi, da kuma ƙagaggen labarin Biyi Bandele mai suna Burma Boy. Tambaya ɗaya zan yi wa kowannensu: ina aka ajiye yaron da bai dawo ba? Zan yi tambayar ne daga cikin birnin Kano, domin birnin yana da nasa dalilin na yin shiru a kan wannan yaro, kuma dalilin ya cancanci a faɗe shi.

Waɗanda aka sauke daga sama

A ƙasashen Turai, in ana maganar saurayin da yaƙi ya ci, sojan laima ne kan gaba a zukatan mutane, wato wanda ake jefowa daga jirgin sama a bayan abokan gaba, ba hanyar komawa. A watan Satumba na 1944 aka sauke dubban irin waɗannan samari na Ingila da Folan a kusa da garin Arnhem na ƙasar Holan, aka yi musu mummunar ɓarna. Maƙabartarsu da ke Oosterbeek tana da kaburbura fiye da 1,700, kuma duk watan Satumba yaran makarantun yankin sukan zo su tsaya a gaban kaburburan su ajiye fure. Yaro yakan karanta sunan wanda yake tsaye a kansa, da shekarunsa.

Mu namu samarin da suka fi kusa da wannan matsayi su ne na Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, wadda ta ƙunshi bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta sojan Nijeriya. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, an kwashi sojoji wajen 90,000 daga Afirka ta Yamma zuwa Indiya da Burma, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Burma ɗin ce bakin Bahaushe ya mayar Bama. Akasarinsu sun yi yaƙi ne a Runduna ta 81 da ta 82, a kwarin kogin Kaladan da yankin Arakan. Ita kuwa Birged ta 3 sai aka cire ta aka haɗa da rundunar Janar Orde Wingate da ake kira Chindit, wadda aikinta shi ne a sauke ta da jirgi a tsakiyar ƙungurmin daji, can bayan Japanawa, ta datse musu hanya. An fara saukar da rundunar ranar 5 ga Maris, 1944. Wingate kansa ya mutu a haɗarin jirgi ranar 24 ga wannan wata, 'yan Nijeriya kuma suka shiga a makonnin da suka biyo baya.

Gaskiyar magana, ba da laima suka diro ba. Jiragen Dakota ne suka sauke su, su da alfadaransu, a filin da aka share cikin daji. Amma rayuwarsu kacokan a kan laima ta rataya, domin abinci da harsashi da magani duk daga sama ake jefo musu. Sansanin da suka tsare a kan layin dogon da ya tashi daga Mandalay zuwa Myitkyina, kusa da Mawlu, fararen laimomin kayan da suka maƙale a bishiyoyi ne suka sa Turawa suka kira shi White City, wato Farin Birni. Birni ne mai ganuwa, sai dai ganuwarsa ta waya mai ƙaya ce da nakiyoyi. A cikin watan Afrilu Japanawa suka yi ta kawo masa hari dare bayan dare, ba su ci shi ba, har aka janye daga cikinsa a watan Mayu. Waɗanda harsashi bai kashe ba, zazzaɓi da atuni da ruwan damina suka rage su. A wannan shekara ta 1944 Sarkin Katsina Usman Nagogo ya tafi har can ya gano sojojin. Duk wanda ya taɓa kai ɗansa Zariya shiga soja ya ga Barikin Chindit. Daga wannan runduna sunan ya samo asali.

A nan ne na fara lura da wani abu. Mun adana sunayen wuraren da aka yi yaƙin ƙwarai da gaske. Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, duk barikoki ne masu ɗauke da sunayen wurare na Bama. Ƙauyukan da ba mu taɓa gani ba muna kiran sunansu kullum. Mutanen da suka kwanta a ƙauyukan su ne ba mu kira.

Sunan soja

Al'adarmu da addininmu ba su san gina kabari da rubuta suna a kai ba. Wanda ya shiga maƙabartar Ɗandolo ko ta Ƙofar Mazugal ya san bayan 'yan damuna kabarin attajiri da na almajiri sukan zama ɗaya. Saboda haka Bahaushe a baki yake ajiye sunan mamacinsa. Yana ajiye shi a waƙa da kirari, yana ajiye shi a addu'a, yana kuma ajiye shi ta hanyar mayar wa jariri sunan, har a riƙa kiran yaro Abba ko Baffa ko Kawu don kunyar ambaton sunan na ainihi. Saurayin da ya mutu bai yi aure ba, bai bar baya ba, ya riga ya rasa babbar hanya guda. In waƙa ma ba ta ɗauke shi ba, to sai abin da uwa ta riƙe a ranta, ranar da ta rasu kuma a rufe su tare.

Sai a ce ai Turawa sun rubuta. Sun rubuta, amma a dubi yadda suka rubuta. A maƙabartar Taukkyan da ke arewa da birnin Rangun akwai ginshiƙan tunawa da aka buɗe a 1958, ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 waɗanda ba a san inda kabarinsu yake ba, kuma akwai 'yan Nijeriya da yawa a ciki. To amma akawun soja na wancan zamani ba ya tambayar sunan uba. Yakan rubuta sunan yanka ne ya liƙa masa sunan gari, sai ka ga wane Kano, wane Katsina, wane Sakkwato. Kano kuwa ƙasa ce guda. Wanda aka rubuta wa Kano zai iya zama ɗan cikin ganuwa, zai iya zama ɗan wani ƙauye mai tafiyar kwana uku. Bugu da ƙari, da yake Hausa ce harshen bariki, mutane da yawa daga wasu ƙabilu sukan ari sunan Hausa a ranar ɗauka. Wato ko sunan da aka sassaƙa a dutse ma rabin suna ne. Ita kanta hukumar da ke kula da waɗannan kaburbura ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto a watan Afrilu na 2021, inda ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a tuna da su da suna ba, wasu ma ba a tuna da su ta kowace hanya ba.

Abin da ya sa birni ya yi shiru

Kada a ɗauka Kano ba ta iya riƙe sunan wanda ya faɗi a fagen fama ba ne. Kundin Tarihin Kano cike yake da sunayen jaruman sarakuna da kirarinsu. Haka kuma har gobe ana ambaton Sarkin Shanu, wanda ya tsaya a Gidan Rumfa ya yi yaƙi har aka kashe shi ranar 3 ga Fabrairu, 1903, da Waziri Ahmadu da ya faɗi a Kwatarkwashi cikin wannan wata, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Shahada. Ko a wajen fada, ɗan dambe yana da makaɗinsa. Albarkacin Ɗan Anace, yaron da aka haifa jiya ma ya san sunan Shago.

Matsalar sojan Bama ita ce rigar da ya sa. Rundunar da Kanar Morland ya kawo ta fasa ganuwar Kano a 1903, Turawan cikinta 'yan kaɗan ne. Sauran ɗaruruwan duk baƙaƙen fata ne, da yawansu masu jin Hausa. Daga 1903 zuwa 1943 shekara 40 ce kacal. Lokacin da ake ɗaukar samari zuwa Bama, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, akwai dattawa a Kurawa da Yakasai da Madabo da suka ji ƙarar igwar Nasara da kunnensu, suka kuma ga irin wannan kaki ya shigo gari. Bariki a bayan ganuwa take, kuma kalmar ɗan bariki ba yabo ba ce a bakin mutumin birni. Yaron da ya shiga soja, a idon unguwa, ya fita daga sana'ar gidansu, ya fita daga makarantar allo, ya bi Nasara.

Sa'an nan ga tambayar da ba a cika yin ta da ƙarfi ba: wanda ya mutu a yaƙin Sarkin Ingila da Sarkin Japan, me za a kira mutuwarsa? Marsiyya a hannun malamai take, kuma an saba yin ta ne ga shehunai da sarakuna da waɗanda aka yi wa shaidar shahada. Gawa ba ta zo ba balle a yi mata wanka da sutura, a mazhabar Malikiyya da birnin nan ke bi kuwa ba a saba yi wa wanda gawarsa ba ta nan salla ba. Abin da ya rage shi ne zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai, bayan labari ya iso ta hannun hukuma ko ta bakin abokin da ya dawo. A ganina duk wanda zai yi wa mawaƙanmu hukunci a kan wannan batu, dole ya fara sanin wannan nauyi da ke kansu.

Maraba da Soja

Malam Sa'adu Zungur (1915–1958) ya yi wannan waƙa ne don tarbar sojojin da suka komo bayan an gama yaƙi a 1945, kuma tana cikin waƙoƙin da aka fi karantarwa a makarantunmu. Babban abin da ta yi, wanda ba a cika yaba mata da shi ba, shi ne ta wanke kakin nan. Malami ne ɗan malamai, masanin Larabci da fiƙihu, ya ɗauki alƙalamin da ake rubuta wa'azi da shi ya yi wa ɗan bariki lale marhabin. A wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma mai karatu da natsuwa zai ga cewa sojan hanya ce, ba shi ne masauki ba. Malam Sa'adu ɗan siyasa ne tun kafin a kafa jam'iyyu a Arewa, shi da Malam Aminu Kano suna ta gwagwarmaya da En'e a Bauci a waɗannan shekaru. Abin da ke cin ransa shi ne 'yancin da aka ce don shi aka yi yaƙin, da talauci da zaluncin da sojan zai tarar a gida. Shi ya sa baitocin da mutane suka fi haddacewa daga waƙar su ne na 'yanci da talauci, har 'yan siyasa na jawo su a kan dandamali ba tare da sun tuna cewa waƙar soja ce ba. Wannan ƙarfin waƙar ne, kuma a nan ne iyakarta take dangane da tambayarmu. Maraba da mai rai ake yi. Sojan da ke cikin waƙar jam'i ne, runduna ce, hujja ce da za a kafa wa Turawa. Duk abin da irin wannan waƙa za ta ce game da waɗanda suka kwanta dama, a dunƙule za ta faɗe shi. Na sha karantar da ita, na kuma sha tunanin yadda za ta sauka a kunnen matar da ta fita kallon masu dawowa, ta duba layi har ƙarshe ba ta ga nata ba.

Waƙoƙin Yaƙin Basasa

Da Yaƙin Basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967, al'amari ya juya. Yanzu kakin namu ne, manyan hafsoshin ma 'ya'yanmu ne. Sojan Nijeriya da bai fi 10,000 ba kafin yaƙin ya kai wajen 250,000 a ƙarshensa, kuma samarin birni da na ƙauye suka yi ta tururuwar shiga. Mawaƙan baka da na rubutu suka yi ca, rediyon Kaduna da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo suna yaɗawa. Farfesa Graham Furniss na Jami'ar Landan ya yi nazarin rubutattun cikinsu a wata maƙala a 1991.

A cikin waɗannan waƙoƙi, ta Alhaji Aƙilu Aliyu (1918–1999) ita ce ta fi daɗewa a bakin mutane, kuma ta cancanta. Ba na jin akwai wanda ya kai shi iya sarrafa kalma a zamaninsa. Yakan jero kalmomi masu amo iri ɗaya har mai sauraro ya ji kamar tafiyar fareti. Tubalan waƙar biyu ne, kuma duka daga gidan makaɗan fada da makaɗan maza aka ɗauko su: kirari ga namu, zambo ga nasu, musamman Ojukwu. To shi kirari yana da doka. Ba ya yarda gwarzo ya ji tsoro, ba ya yarda ya kira uwarsa, ba ya yarda ya mutu mutuwar banza. Kuma kirari mai suna yake bi. Manyan da ke ba da umarni su ne ke da sunan da zai shiga baiti, farabiti kuwa sai dai a kira shi da sunan zaki ko na giwa tare da dubunsa.

Alal misali, a ɗauki abin da ya faru a watan Oktoba na 1967. Runduna ta 2, ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammad, ɗan unguwar Kurawa, ta yi yunƙurin ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Onica cikin jiragen ruwa, aka yi ta komawa ana asarar rayuka masu yawa, wasu harsashi ya ci, wasu ruwa. A wannan wata ne kuma aka kashe fararen hula da yawa a garin Asaba, abin da mutanen garin ke juyayi har yau. Waƙar kirari ba ta da wurin ajiye ko ɗaya daga cikin biyun. Shi Murtala, Allah ya jiƙansa, da aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu, 1976, ya sami abin da ya dace da shi na waƙoƙin ta'aziyya, ga asibiti a cikin birni, ga masallaci, ga hotonsa a takardar naira 20. Yaran da suka nutse a gabansa fiye da shekara 8 kafin nan, waɗansu daga unguwannin da ke maƙwabtaka da tasa, ba su sami komai daga cikin wannan ba.

Ba laifin Alhaji Aƙilu nake gani ba. Ana tsakiyar yaƙi ya yi waƙarsa, aikinta kuma shi ne ta ƙarfafa guiwa, ta kuwa yi. Abin da nake tuhuma shi ne mu da muka zo daga baya, muka sa ta a manhaja, muka yi ta fiɗar salonta da ma'aunin karinta, ba mu taɓa tambayar ɗalibai wane ne babu a cikinta ba. Halin kuma bai canza ba. Da aka kashe Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba, 2016, ƙasa duka ta yi juyayi, ya kuma cancanci haka saboda abin da ya yi a Baga. An binne shi a Abuja tare da sojojinsa da suka faɗi a wannan dare. Mai karatu ya gwada kiran sunan ɗaya daga cikinsu.

Burma Boy

Abin mamaki, aikin da ya fi kusantar yaron nan da Ingilishi aka rubuta shi. Biyi Bandele Bayarabe ne haifaffen Kafanchan a 1967, ya tashi da Hausa a bakinsa, mahaifinsa kuma yana cikin waɗanda suka je Bama. Ya fitar da littafin a 2007, ya rasu a Legas a 2022. Tauraron labarin shi ne Ali Banana, yaro ɗan shekara 14, ɗan koyon ƙira, wanda ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi, ya tsinci kansa a cikin Chindit, a Farin Birnin da na ambata.

Abin da Bandele ya yi wanda mawaƙanmu ba su yi ba shi ne ya bar yaron ya zama yaro. Ali surutu gare shi, ga fahariya, ga saurin fushi in an taɓa girmansa, ga rashin sanin abin da ya kawo shi. Abokan tafiyarsa ma kowa da halinsa, ana ba'a, ana musu, ana labarin gida. Saboda ka yi dariya da su, in aka kashe ɗaya sai ka ji an cire maka wani abu. Samanja Damisa, wanda ya zame wa Ali uba, a hannunsa ya cika, kuma daga nan yaron bai sake zama yadda yake ba. Marubucin ya gane cewa ba a jin zafin mutuwar wanda ba a san shi da rai ba. Haka nan ya kyauta da ya bar Hausar bariki a yadda take, su samanja da farabiti da kyaftin, bai goge ta ba.

Duk da haka ina da ƙorafi uku. Na farko, littafin da aka ce na yaron Bama ne, da Wingate ya buɗe, a wani otal na Alƙahira a 1941. Sai da Bature ya gama shiga sa'an nan aka ba yaranmu hanya. Na biyu, wautar Ali takan yi yawa a wasu wurare, har ka ji kamar don mai karatu na Landan ya yi murmushi aka ƙara mata gishiri. Yaron da ya yi zaman maƙera ya sha bulala ya fi haka wayo. Na uku, wanda ya fi damuna, labarin a dajin Bama ya ƙare. Mutuwa ba ta biyo hanya ta zo gida ba. Ba mu ga mai unguwa ya yi sallama a ƙofar gida ba, ba mu ga an shimfiɗa tabarmi a zaure babu gawa ba, ba mu ga budurwar da aka sa wa rana ba. Rabin labarin kowane soja da ya mutu a cikin lungun unguwarsu yake, kuma wannan rabin sai wanda ya san lungun zai iya rubuta shi. Sa'an nan shi Ali ai ya rayu. Ko a nan ma, wanda ya tsira ne ya riƙe alƙalami.

Ga malaman da za su so kai littafin aji, sai a haɗa shi da tarihin John Hamilton mai suna War Bush, na 2001, a kan Runduna ta 81, da kuma labarin Isaac Fadoyebo, wanda aka harbe a bakin kogin Kaladan a 1944 wasu mutanen ƙauye Musulmi suka ɓoye shi watanni, kamar yadda Barnaby Phillips ya kawo a littafinsa na 2014.

Marsiyyar da ta rage

Hanyar yi wa talaka marsiyya ba baƙuwa ba ce a gare mu. Nana Asma'u 'yar Shehu (1793–1864) ta yi wa Sarkin Musulmi Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo, ta kuma yi wa wata maƙwabciyarta Halima, wadda ba ta da sarauta, ta ambaci kyawun halinta da zaman lafiyarta da mutane. Ma'aunin a nan shi ne hali da zumunci, kuma da wannan ma'auni yaron da ya mutu a Mawlu ko a Onica ko a bakin tafkin Cadi yana da abin da za a faɗa a kansa, ba tare da an shiga gardamar shahada ba. Abin da marsiyya ke bukata ƙananan abubuwa ne: sunan uba, da unguwa, da sana'ar gida, da malamin da ya yi masa allo, da wanda ya raka shi tasha.

Rajistar hukumar kaburburan nan tana kan intanet, kowa na iya dubawa. In aka nemi sunan Kano za a ga sunan yanka, da lambar soja, da bataliya, da ranar mutuwa. Sauran kuwa a cikin gidaje suke, a Dala da Mandawari da Zango da Ƙoƙi da Fagge. Malamin Hausa ko na tarihi zai iya ba ɗalibansa aikin gida guda: kowa ya tambayi tsofaffin gidansu ko akwai wanda ya tafi soja bai dawo ba, wane yaƙi ne, kuma wa aka mayar wa sunansa. Abin da aka samo a kawo Gidan Ɗan Hausa ko Gidan Makama a haɗa da abin da ke cikin rajista. Na Yaƙin Basasa ƙannensu da abokansu suna nan da yawa. Na Bama kuwa, ƙanen da yake ɗan shekara 10 ranar da aka fita da yayansa a 1943, yau ya haura 90.